Kwana Ukun da Aka Ɗauke Ruwa

Ina tsakiyar datse hannun wata riga aka banko ƙofar gidanmu. Maza biyu ne daga gareji, rigunansu duk ɗigon fenti, sun rataya mijina a kafaɗunsu, ƙafafunsa na jan ƙasa. Rana tsaka ce, layinmu cike da mutane, kuma babu wanda ya yi mana karar kawar da kai.

Suka zaunar da shi a kan tabarma. Ya dube ni ya yi murmushi irin na baƙo, ya tambaye ni ko mahaifiyarsa ta dawo daga kasuwa. Shekararta goma sha ɗaya a ƙasa.

Mai garejin ya shigo a bayansu yana share gumi. Ya ce motar wani babban mutum aka kawo, ruwan toka mai ɗan sirkin kore, ƙofa ɗaya kawai za a gyara. Mijina ya fesa mata wani launi da ko makaho zai ce ba nata ba ne, sannan ya zauna a ƙasa yana dariya. Da aka je ɗaga shi, sai aka same shi da gwangwanin tina a hanci, ruwan nan da ake tsinka fenti da shi.

"Shekara ashirin da shida yana shinshina tina kafin ya zuba," na ce masa. "Da hanci yake gane mai kyau da wanda aka sirka da kananzir. Kai ma ka sani."

"Na sani, uwargida. Amma da can ba ya tangaɗi."

Ya juya ya fita. Kafin la'asar duk layin sun gama yanke hukunci: Mai Launi shaƙa yake yi.

Mai Launi ake ce masa tun kafin ya aure ni. Ya kalli mota sau ɗaya a hasken rana, ya koma rumfa ya haɗa launinta da ido, ko mai motar ba zai nuna maka inda aka taɓa ba. Ni kuma tela ce, don haka rabin faɗanmu a kan zare yake. In ɗauko zare in ce ya dace da yadi, shi kuma ya leƙo ta kafaɗata ya ce akwai ja a ciki. Abin haushi, kullum shi ke da gaskiya. Aibinsa ɗaya sigari, wadda na yi shekara da shekaru ina yaƙi da ita har ya bari bara. Ita ma mutane suka tono ta, suka ce mai zuƙar hayaki ai ba ya rasa abin zuƙa.

Gaskiya wata biyu kenan ba daidai yake ba. Ciwon kai, tashin zuciya, mantuwa, ga wani tari da muka ɗora wa fenti laifinsa, don duk mai fesa mota yana tari. Na kai shi wurin mai kantin magani na bakin titi, ya ce zazzaɓi ne ya kwanta masa a jiki, ya ɗaura masa ƙarin ruwa leda biyu. A ranar nan, da ƙyar ya gane hanyar gida.

* * *

Washegari Yaya Babba ya iso. Shi ne wan mijina, tsohon direban babbar mota, shi ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu. Yana son ƙanensa, wannan ba na musu, amma irin son nan ne da ba ya rabuwa da sanda. Bai tambaye ni komai ba. Ya riga ya bi ta gareji, ya ji abin da zai ji.

Ya ce akwai wani gidan gyaran hali a bayan gari, ya san mai shi. Ni ma na san gidan. Mijin wata maƙwabciyarmu ya yi wata takwas a can, ya fito da tabon sarƙa a idon sawu, har yau idan aka ɗaga murya sai ya kare kansa da hannu. Na durƙusa na roƙi Yaya. Ya daɗe yana kallon ƙanensa, wanda ke ta ƙoƙarin sa takalmin dama a ƙafar hagu, sannan ya ce ya ba ni mako uku. A wanke masa jini. A zamanin tuƙinsa ya ga yadda ake yi wa direbobin da ƙwaya ta kama: ruwa, ruwa, ruwa, har dattin ya fita. Ya ajiye wata babbar gora a gabana, ya ce uku a rana, kuma zai riƙa zuwa safe da yamma ya gani da idonsa.

Ni na riƙa ba shi. Wannan nake so a sani, don kada a ce Yaya kaɗai ne. Ni nake tallafe kansa, in kafa masa kofi a baki, yana kawar da kai yana cewa ba ya jin ƙishi, ina lallashinsa kamar jariri. Ban yarda yana shaƙa ba, amma na ce a raina ruwa ai ba ya cutar da kowa.

Kullum sai abin ya ƙara gaba. Ya daina gane ɗakinsa. Ya yini yana barci, idan ya tashi ya yi ta magana da mutanen da ba sa nan. Yaya ya ce dattin ne ke fita, a ƙara ba shi.

A waje kuma, mata suka fara zuwa karɓar yadinsu ba a ɗinka ba. Wata ta ce wai bikin aka ɗaga, alhali ina jin kiɗansa daga ɗakina. Wata ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙi shigowa, tana leƙen tsakar gida kamar mun ajiye kura. Wannan bai ƙona mini rai ba kamar ranar da na ji wani yana kwatancen gidanmu da cewa gidan ɗan shaƙa. Mutumin da ya yi shekara ashirin da shida yana tashi da asuba, sunansa ya tafi a mako ɗaya.

* * *

A mako na biyu babban bututun unguwarmu ya fashe, famfo ya ƙafe ƙaf. Masu sayar da ruwa suka ɓace, wanda ka samu kuma layi ne har kan kwana. Da ƙyar nake samo bokiti ɗaya a yini, a ciki za a yi girki, a yi alwala, a sha. Yaya ma ya tafi fama da na gidansa, bai leƙo ba. Na koma ba mijina kofi ɗaya da safe, ɗaya da rana, ɗaya da yamma, ina yi ina jin kamar na ci amanarsa.

A rana ta uku da hantsi ina kan keken ɗinki, ina haɗa wata riga shuɗiya, sai na ji numfashi a kafaɗata.

"Tela, wannan zaren bai dace ba. Akwai ja a cikinsa."

Ƙafata ta tsaya a kan feda. Na juyo. Yana tsaye da ƙafafunsa, ba ya dafa komai, idonsa nasa ne. Ya tambaye ni yau wace rana ce, ya tambayi me ya sa bai je aiki ba, ya ce yunwa yake ji. Na ɗaga zaren a hasken taga. Akwai ja a cikinsa. Na kifa kaina a kan keken na yi kuka har rigar mutane ta jiƙe.

Da yamma aka dawo da ruwa. Yaya ya zo ya same shi yana hira, ya yi hamdala, ya ce ga shi nan wankin ya fara aiki, yanzu ne ma ba za a sassauta ba. Ya zauna da kansa ya ga bayan gora guda. Kwana biyu bayan nan mijina ya faɗi a tsakar gida yana jijjiga, har ya ciji harshensa.

Ni ban yi karatu mai nisa ba, amma awo ne sana'ata. Idan riga ta matse sau biyu a wuri ɗaya, ba na zargin mai riga, awon nake komawa. Na tuna ƙarin ruwan mai kantin magani. Na tuna gorar Yaya. Na tuna kwana ukun nan. Na ɗauki allin da nake zana yadi da shi, na fara ja a bango bayan ƙofa: kofi nawa ya sha, yaya ya yini. Sannan na fara satar ruwan mijina. Idan Yaya ya juya baya, sai in tuttule gorar a bokitin da na ɓoye ƙarƙashin keke.

Kwana uku, ya sake dawowa hayyacinsa. A na huɗu Yaya ya kama ni da gora a hannu.

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce ashe ni ce ba na so ya warke. Ya ce bai taɓa jin matar da ke hana mijinta ruwan sha ba sai a gidan ƙanensa. Na nuna masa bango, ya ce zanen alli ba magani ba ne. Ya dawo da gorarsa, ya tare a gidan yana ba shi da hannunsa, ya kuma ce ranar Asabar motar gidan gyaran hali za ta zo.

* * *

Ranar Asabar da safe farar mota mai ƙarfe a tagogi ta tsaya a ƙofar gidanmu. Maza biyu suka fito, ɗaya da igiya a naɗe a hannu. Layin ya cika, har da masu goyo.

Kekena na ƙarfe ne, tsohon yayi, mutum biyu ke ɗaga shi. Ban san inda na samo ƙarfin ba. Na ja shi daga ɗaki, ƙafafunsa na kukan siminti, na gindaya shi a bakin ƙofa, na ɗauko kujerata na zauna a bayansa.

"Yaya, shekara ashirin da uku ina gidan nan, ban taɓa ɗaga ido na kalle ka ba. Yau na kalle ka. Ka ba ni yini ɗaya a babban asibiti. Idan likita ya ce shaƙa ce, ni zan riƙe masa ƙafa a ɗaure."

"Idan na ƙi fa?"

"To sai su fara ɗaure ni, don ba zan tashi ba."

Na dafa keken da hannu biyu. Mai igiya ya dubi Yaya. Yaya ya dubi taron, ya dube ni, ya ja dogon tsaki. Ina jin ba don ya yarda da ni ba ne, kunyar a ce ya sa an ja matar ƙanensa a ƙasa ce ta hana shi. Ya ce wa masu motar su dawo gobe.

* * *

A asibiti mun yi awa huɗu a kan benci, kan mijina a cinyata. Ma'aikacin da ke rubuta kati ya tambayi abin da ke damunsa, Yaya ya riga ni amsawa, aka rubuta shaye-shaye. Aka kwantar da shi a wani gado mai labule kore, wata ma'aikaciyar jinya ta rataya ledar ƙarin ruwa tana neman jijiya. Na riƙe mata hannu na ce don Allah ta dakata. Tana cikin yi mini faɗa likita ta ɗaga labulen.

Mace ce siririya, gilashinta rataye da zare a wuya, da ganinta ta gaji. Yaya ya yi mata bayani mai tsawo, tun daga sigari har zuwa gwangwanin tina, tana ta rubutu. Da ya gama sai ta juyo gare ni ta ce, ke kuma me kika gani?

Wata uku ana magana a kan mijina, ita ce ta fara tambayata.

"Likita, idan ya sha ruwa da yawa sai hankalinsa ya tafi. Idan aka rage sai ya dawo. Sau biyu na gani da idona."

Yaya ya yi dariyar takaici, ya ce ta yi haƙuri, mata ne. Likita ba ta dube shi ba. Ta ajiye biro. Na zaro takardar da na kwafe zanen bangon a kai, ta sa gilashi ta bi shi layi-layi. Ta tambayi tun yaushe yake tari, ko ya rame, shekara nawa ya yi yana shan sigari, ko suna rufe hanci idan suna feshi. Na ce da tsumma, idan sun tuna, sannan su sha madara wai ta wanke ƙirji. Ta ce a sauke ledar nan, kada a ƙara masa ko ɗigo sai ta ga jininsa.

Kafin yamma sakamakon farko ya fito, aka ba shi gado. Aka ɗauki hoton ƙirji, bayan kwanaki aka ciri ɗan nama aka auna. Ranar da komai ya haɗu, likita ta kira ni da Yaya ofishinta, ta rufe ƙofa.

Ta ce babu alamar shaye-shaye a tare da shi. Gishirin jininsa ne ya yi ƙasa sosai, shi ya sa ƙwaƙwalwarsa ta rikice.

"Akwai wani sinadari da ƙwaƙwalwa ke aika wa ƙoda idan jiki na bukatar ruwa, ya ce mata ta riƙe, kada ta zubar. Idan mutum ya sha ya ƙoshi, sai a daina aikawa. Mijinki yana da ƙari a huhu, ciwon daji ne. Irin wannan ƙarin yakan koyi yin sinadarin da kansa, kuma shi ba ya dainawa. Duk ruwan da ya sha sai ya zauna, ya tsinka jinin."

Kamar tina a fenti, na ce a raina. An zuba har launin ya gudu.

Allah Ya yafe mini, abin da na fara ji daɗi ne. An ce mijina yana da ciwon daji, ni kuma ƙirjina ya buɗe, don an dawo mini da shi mutumin kirki kamar yadda na san shi. Tsoron sai daga baya ya zo, kuma da ya zo bai tafi ba.

Yaya ya sunkuyar da kai. Can ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Ruwan da na ba shi fa?"

"Ba ku sani ba, Baba," in ji ta. "Amma da an kai shi inda kuka yi niyya, aka ci gaba da ɗura masa, ba na jin zai kai mako." Ta juyo gare ni. "Ke kika gano ciwon nan. Ni suna kawai na sa masa."

Ba ta ɓoye mana komai ba. Ta ce ciwon mai sauri ne, yana jin magani da farko, amma yakan dawo, kuma ba za ta yi mana alkawarin shekaru ba. Na ce na ji. Na roƙe ta abu ɗaya, ta rubuta mini a takarda mai hatimi cewa ba shaƙa ba ce.

* * *

Maganin ya wahalar da shi. Gashinsa ya zube, har gira, ya ce yanzu kam ya huta da wanzami. Ya yi amai, ya rame, wandunansa duk sai da na rage musu ƙugu. Amma tun daga zagaye na biyu gishirin ya fara daidaita, kuma bai ƙara tambayata mahaifiyarsa ba. Da na ba shi labarin abin da aka ce a kansa, ya saurara har ƙarshe. Washegari ya tambaye ni me aka yi da ƙofar motar nan.

Bayan wata huɗu ya sa rigarsa mai kyau ya ce in raka shi gareji. Yaya ya biyo mu, yana tafe a baya, abin da bai taɓa yi ba.

Motar na nan a ƙarƙashin rumfa. Masu fenti uku sun gwada ƙofar, mai motar ya dawo da ita sau uku, don da an fito da ita rana sai ƙofar ta tona kanta. Ana ganinmu injin feshi ya yi shiru. Na tsaya a tsakiyar fili na buɗe takardata, na karanta ta da ƙarfi tun daga kwanan wata har sa hannu, har da kalmomin da ban iya furtawa ba. Babu wanda ya yi dariya. Yaya ya karɓa, ya ce shi ne ya fara gaskata maganar, kuma a gaban kowa yake neman gafarar ƙanensa da matar ƙanensa. Mai garejin ya cire hula yana murza ta a hannu.

Mijina ya nufi rumfar. Ya sa aka turo motar cikin rana. Ya zagaya ta sau ɗaya, a hankali, yana dafa sanda. Ya ɗaura abin rufe hanci na gaske, mai abin tace iska biyu, wanda likita ta ce ko kusa da fenti kada ya je babu shi. Ya ce a kawo toka, a kawo kore, a kawo baƙi. Ya juya, ya ɗiga a kan ƙarfe, ya girgiza kai.

"Akwai ja a cikinsa," ya ce. "Ɗigo biyu. Shi kuka rasa."

Wani ya fesa, muka zauna a inuwa muna jira ya bushe. Da aka sake fito da ita, mai garejin ya zagaya motar sau biyu yana neman ƙofar, sai da ya shafa da hannu ya ji sabon fenti. Wani daga cikinsu ya ce, a hankali, Mai Launi ya dawo. Sai sauran suka ɗauka, har masu walda na maƙwabta suka leƙo. Ni dai ina riƙe da takardata, ina dariya hawaye na zuba, ban damu da wanda ya gani ba.

Mai garejin ya ce wurinsa na nan, ya zauna a inuwa ya riƙa haɗa launi kawai. Mijina ya ce ya yarda, da sharaɗin kowane mai feshi a ba shi irin abin da ke fuskarsa, a bar zancen madara. Aka yi musabaha a kan haka.

Da yamma muna zaune a tsakar gida, ƙofa a buɗe. Tarin ya ɗan taso masa, na yi kamar ban ji ba. Yaya ya tashi ya ɗauko kofin awo, sabo fil, irin na haɗa fenti mai layuka a jiki, wanda muke auna masa ruwa da shi yadda likita ta tsara. Ya zuba, ya ɗaga shi a haske.

"Yaya, ka wuce layi," in ji mijina yana murmushi.

A daidai lokacin farar motar nan mai ƙarfe a tagogi ta bi ta layinmu, da mutum a bayanta, kansa a sunkuye. Ban san ko wane ne ba, ban kuma san ko an tambayi matarsa abin da ta gani ba. Yaya ya bi ta da ido har ta sha kwana. Sannan ya sunkuya, ya rage ruwan kaɗan-kaɗan har ya zauna daidai kan layi, ya miƙa wa ƙanensa da hannu biyu.